Neman Sunan Amarya a Kalgo

Gwandu, ƙarfe shida saura kwata

Ranar Asabar ce, ƙarshen damina. Ina idar da sallar asuba na naɗe wani babban hoto cikin leda, na cusa faifai ɗaya a jaka, na fito gari bai gama wayewa ba. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da maigidana ya dawo masallaci. Ya dubi jakar ya ce, "Yanzu Malama Luba, a kan faifai guda za ki keta ƙananan hukumomi uku?" Na ce masa faifai kam ga shi a hannuna, sunan mai shi nake nema. Ya yi dariya, ya ce Allah shi kiyaye hanya.

Bari in warware muku, kada ku ce Luba ta zautu. Zane nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata nan Gwandu. Ina da aminiya, Rifkatu, mutuniyar Zuru, mun yi shekaru muna aiki tare kafin ta koma aikin jinya ta tafi Amurka. Da za ta tafi ta sayi faifai biyu iri ɗaya wajen wata Hajiya Tumba ta Kambaza, ta bar mini ɗaya. A can sai Allah ya haɗa ta maƙwabtaka da wata tsohuwar Baturiya mai zane, ta haura tamanin, wadda muka laƙaba wa Goggon Amurka. Irin zanenta babu mutum, babu bishiya, babu gida. Launi ne tsagwaronsa a kan ƙyallen da ya fi ƙofar zaure faɗi.

Goggo ta ga faifan nan a bangon Rifkatu, ta are shi, ta yi wata huɗu tana wani zane a kansa. Yanzu za a baje kolin aikinta na tsawon rayuwa, ta kuma rantse ba za a rataye wannan zane ba sai da sunan wadda ta saƙa faifan a gefen nata. Ranar Litinin za a buga katunan da ake liƙawa kusa da kowane zane. In suna bai samu ba, zanen zai koma ɗaki ya juya wa duniya baya. Rifkatu ta ce tsohuwar ta faɗa mata shi ne babban aikinta na ƙarshe, hannu ya soma rawa.

Kambaza, ƙarfe bakwai saura minti goma

Ɗan acaɓa na hau, muka ratsa gonakin gero da ya yi kai, raɓa na jiƙa mini gefen zane. Hajiya Tumba na tsakar gida tana dama koko muka yi sallama. Bayan gaisuwa ta ce, "Mi kika biɗa da sassahen ga, ɗiyata?" Na miƙa mata faifan.

Ko juya shi ba ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan baƙin zoben da ya kewaye tsakiya, daidai inda bai haɗe ba, an bar ɗan gibi kamar faɗin ɗan yatsa. "Wanga aikin Amarya na, ta Kalgo. Ita kaɗai ka barin wanga gibi. Kuma dubi jan, karan dafi na, ba ta taɓa galurar kasuwa."

Wayyo daɗi! Na zaro biro. "Amarya wa, Hajiya?"

"Amarya dai."

"Sunanta na yanka nake nufi."

Ta ajiye ludayi. Sai ta fashe da dariya har da dafa ƙirji. Shekara talatin, in ji ta, tana sayen faifai a hannun matar nan, ba ta taɓa tambaya ba. Ta kwatanta mini unguwar, bayan kasuwar kifi, gidan da ke da durumi a ƙofa. Ba ta bar ni na tafi ba sai da na sha koko da ƙosai mai zafi, ta kuma ba ni goro biyu in kai wa Amarya.

Hanyar Birnin Kebbi

Takwas da kwata na samu ƙaramar mota, mu shida da buhun albasa. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba in da an bar mu, to amma akwai shingen jami'an tsaro. Wani dogon jami'i ya leƙo, ya hangi abin da na rungume, ya ce a buɗe. Na warware hoton zanen Goggo a kan murfin mota. Ja ne ya yi ta kewaya kamar zai fita daga takardar, ga baƙin zobe, ga wani ruwan ɗorawa ya tsinke ta gefe. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Hajiya, taswirar ina ce wannan?"

Na ce zane ne. Ya ce zanen me? Kafin in ba da amsa direbanmu ya ce shi ƙwai da manja yake gani cikin kasko. Wani dattijo mai albasa ya ce ƙarya ne, fadama ce ran da ruwa ya ci shinkafa. Jami'in ya kira abokin aikinsa, shi kuma ya ce idon saniya ne. Muka yi ta dariya a bakin titi. Ya naɗe mini da kansa, a hankali, ya ce, "Ko mene ne, ya yi kyau. A sauka lafiya."

Da muka ɗauki hanya dattijon ya tambaya, wai mace ce ta yi wannan? Na ba su labarinta kamar yadda Rifkatu ta ba ni. Tana budurwa malaminta ya ce mata hannunta na da kyau, amma kujerar namiji ta tare, tunda aure za ta yi ta watsar. Ba ta watsar ba. Sai dai masu saye ba sa son aikin mace, don haka shekara da shekaru harafin farko na sunanta kawai take sawa a ƙasan zane. Wata rana wani attajiri ya zo, ya yaba zanen, ya wuce ta ya je ya kama hannun mijinta yana jinjina masa. Mijin ko layi madaidaici bai iya ja ba. Tun daga ranar ta tara mata masu zane, suka riƙa tsayawa da kwalayen zanga-zanga a ƙofar gidajen baje koli, daga baya suka kama wani tsohon shagon burodi suka mai da shi nasu. Direba ya girgiza kai ya ce, "Shi kuma mijin ya karɓi gaisuwar? Kai, maza!" Dattijo ya ce masa ya dubi hanya.

Kalgo, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi

Daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo kusan kilomita goma sha biyar ne, na ƙarasa a keke mai ƙafa uku. Ƙamshin soyayyen kifi ya nuna mini kasuwa, durumi ya nuna mini gida. Na tambayi wata mai tallar nono ko nan ne gidan Amarya. Ni a zuciyata har na shirya ganin mace mai sauran ƙarfi. Aka shigar da ni, sai ga wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, kai fari fat, tana zaune a tabarma da basilla da kaba, tana saƙa ba ta ko duban hannunta. Jikoki na wucewa suna cewa, "Amarya, ina kwana." Na danne dariya da ƙyar.

Ta karɓi goro, ta karɓi faifan, ta shinshina shi. "Nawa na," ta ce. Na shimfiɗa mata hoton. Jama'a, abin da jami'ai biyu da mota guda suka kasa, kallo ɗaya ta yi masa. Ta juya shi daidai, ta sa yatsa kan gibin baƙin zoben. "Wa yas sato mini aiki yak kumbura shi haka?" Na ce wata tsohuwa ce irinta a Amurka, kuma ba sata ta yi ba, shi ya sa aka aiko ni. Sunanta ake so a rubuta.

Nan fara'a ta ɗauke. Ta ja mayafi ta rufe baki.

Babban ɗanta, Malam Garba, shi ya fitar da ni zaure ya yi mini bayani. Ran da aka kawo ta gidan nan, an tarar sunanta ɗaya da na uwar mijinta. Miji ba zai kama sunan uwarsa ba, ita ba za ta kama sunan surukarta ba, sai kowa ya tsaya a Amarya. Yau shekara sittin ke nan. Surukar ta daɗe da rasuwa, mijin ma haka, amma bakinta bai sake furta sunan ba. Ko katin zaɓenta Amarya aka rubuta. Na ce to shi ya rubuta mini a takarda mana. Ya ce, "Subhanallahi, ba da izininta ba? Ki sa sunan mahaifinmu, a ce iyalin Malam Sanda. Ai duk ɗaya ne." Na san Goggon Amurka, in ta ji an ba ta sunan miji, sai ta kulle zanen da kwaɗo biyu.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Abinci ya yi daɗi, amma wallahi loma kaɗan na yi na tsame hannu.

Ƙarfe uku, ƙarƙashin durumi

Sai a ƙofar gida waya ke kamawa sosai, don haka nan muka fito da tabarma bayan azahar. Na kira Rifkatu ta bidiyo, can hantsi ne, na zayyana mata batun sunan don ta faɗa wa Goggo. Sai ga Goggo ta cika fuskar waya, gashi fari a tsaitsaye, riga duk fenti. Tsofaffin nan biyu suka ƙura wa juna ido. Amarya ta ce, "Wagga ba ta da mai yi mata kitso?" Rifkatu ta fassara, Goggo ta kwashe da dariya.

Goggo ta ce tana da tambaya. Wata huɗu tana tunanin gibin nan na baƙin zobe. Ƙofa ce? Mutuwa ce? Me yake nufi? Amarya ta dube ni, ta dubi waya.

"Akuya ta," in ji ta.

Ashe faifanta na farko a gidan nan, surukarta ce ke koya mata, akuya ta cinye sauran baƙar kaba kafin zobe ya haɗe. Ta zauna tana kuka. Surukar ta yi dariya ta ce ta cike da fari, kuma daga yau ta riƙa barinsa haka, don a gane nata da na surukar. Da fassara ta isa, Goggo ta yi dariya har ta cire tabarau tana share hawaye. Matan unguwa da suka kewaye mu suna ta shewa.

Da dariya ta lafa, Goggo ta ba ta labarin harafi ɗaya da attajirin da ya kama hannun mijinta. Sannan ta ce ba za ta matsa mata ba, ta fahimci kunya ce da girmamawa. Abu ɗaya take so ta sani. Ita wannan suruka mai kirki da ta ƙirƙiro gibin zoben, wa ke kiran sunanta yanzu?

Amarya ta dubi jikokinta mata da ke tsaye. Ta tambayi babbar, wadda ke goye da ɗa, ko ta san sunan kakar babanta. Ta ce a'a. Ta tambayi ta biyu. A'a. Amarya ta ajiye basilla.

"Ashe mun rufe ta da yawa," ta ce a hankali. Ta sauke mayafin daga bakinta, ta gyara zama. "Malama, ɗauko abin rubutunki. Habsatu."

Malam Garba ya sunkuyar da kai, yana murmushi yana goge ido da hannun riga.

"Ki rubuta shi sau biyu," ta ce. "Guda nata, guda nawa. Nata a sama."

Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. A waya Goggo na ta gwadawa, "Hab-sa-tu, Hab-sa-tu," Amarya na gyara mata kamar 'yar makaranta, tana cewa harshen matar nan ya yi nauyi. Muna kallo Goggo ta ɗauki buroshi da hannunta mai rawa, Rifkatu ta riƙe mata gwiwar hannu, ta rubuta sunan a ƙasan zanen kansa, ba ta jira kati ba. Ta rubuta na biyu a ƙarƙashinsa, sannan nata.

Komawa gida

Ƙarfe huɗu da rabi na bar Kalgo da ƙunshin busasshen kifi da sabon faifai, an hana ni ko taɓa jaka. A Birnin Kebbi na yi sa'ar mota mai tafiya Gwandu kai tsaye, babu wanda ya nemi ganin taswira a hanya. Ana kiran magariba na sa ƙafa a gida. Maigida ya ce, "An samo?" Na ce an samo har biyu, ya kawo ruwa in ba shi labari.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hajiya Tumba da kokonta, da Rifkatu da ta yi tafinta har muryarta ta dishe, da Malam Garba da ya bar wa mahaifiyarsa maganarta. Goggon Amurka, Allah ya ƙara wa hannunki ƙarfi. Wadda ta riga mu gidan gaskiya, Habsatu, Allah ya haskaka kabarinta. Wadda ke zaune ƙarƙashin durumi, Habsatu, Allah ya ja da kwananta.