Babur Mai Ƙafar Raƙumi

Ni 'yar wani ƙauye ce a bayan Toranke, aure ne ya kawo ni Gaya. Maigidana mai walda ne, rumfarsa tana bakin hanyar tasha, inda yake yin ƙofofi da tagogi da garmar shanu. Da rani zuwa gida ba wuya. Da damina kuwa kwarin da ke tsakaninmu cika yake yi, motar haya ta daina shiga, babur kuma ya nutse a yashi. Sai in ga gero ya yi bununi ban sa mahaifiyata a ido ba.

A wata daminar ne ƙanena ya aiko cewa ciwon ƙafar Inna ya tashi, ko tsakar gida ba ta iya fitowa. Na yini ina aiki ina share hawaye da bakin zane. Maigidan ya dawo ya dube ni. Washegari da hantsi sai ga shi da amalanke, an ɗauro wani abu kamar mushen jaki.

Babur ne mai ƙafa uku, amma ba irin adaidaita sahun da muka sani ba. Ba shi da rumfa, ba shi da wurin fasinja, tayoyinsa gajeru ne masu ƙiba kamar turmi. Na kawunsa ne, tsohon malamin gona, wanda ya zaga ƙauyukan Ajingi da shi a zamanin wani shirin noma da ya daɗe da watsewa. Shekaru ya yi a bayan gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa.

"Malam, wannan fa?" na tambaye shi.

"Shi zai kai ki wajen Inna."

Na yi dariya duk da halin da nake ciki. Bai ji haushi ba. Ya wanke injin da kananzir, ya sake fulogi, ya ja igiyar tayarwa irin ta janareta har kafaɗarsa ta sage, sannan abin ya yi tari ya kama.

Gwajin farko shi kaɗai ya tafi, ya dawo ransa a ɓace. Yashi bai riƙe shi ba, amma hanyar cikin gonaki a lokacin ta tsuke, dawa ta rufe hagu da dama, tayoyin baya biyu suka riƙa kwantar da shukar mutane. Wani dattijo a wajen Kademi ya tare shi ya ce, "Ɗan nan, noman shekara ne kake takewa." Ya sauka ya ba shi haƙuri, ya juyo.

"To shi ke nan?" na ce.

"A'a. Ƙafa ɗaya zan cire masa."

A tsakar gida ya yi aikin, don kada abokan rumfa su dame shi da surutu. Ina tankaɗe ina kallonsa. Ya kwance doguwar sandar da ta haɗa tayoyin baya, ya yanke bayan babur ɗin da zarto. Ya samo bututun ƙarfe mai kauri wajen masu gwangwan, ya yi hannuwa biyu da za su rungumi taya ɗaya a tsakiya. In an kawo wuta ya jawo injin walda ya ce in shigar da yara ɗaki kada su kalli tartsatsin. In an ɗauke sai ya zauna a kan turmina ya zuba wa ƙarfen ido, tuwonsa na hucewa.

Sarƙa ce ta fi ba shi wahala. Tayar ta cika faɗi, sarƙar ba ta tafiya a miƙe, da ya ɗan ja sai ta zame. Ya ari zaren saƙata, ya ce in riƙe bakinsa a jikin inji, shi ya ja ɗaya bakin zuwa baya, ya rufe ido ɗaya yana dubawa. "Matsa kaɗan. A'a, kin yi yawa." Haka muka yi ta yi har shinkafata ta kama. Ya yanke abin da ya liƙa, ya sake liƙawa. Daga baya ya ƙera mini wurin zama, ya naɗe shi da soso da tsohuwar darduma.

Ranar da ya gama ya zagaya unguwa ya dawo, ya sauka da fara'a ya saki babur ɗin kamar yadda ya saba. Babur ya kife a kan tulun ruwana. Ya manta mai ƙafa biyu ba ya tsayuwa da kansa. Muka yi dariya har na zauna a ƙasa. Kafin la'asar ya liƙa masa abin jingina.

Da sassafe muka kama hanya, na goya ƙaramar 'yarmu, na riƙe ƙullin magani da 'yar tsaraba. Ganyen dawa mai raɓa yana shafar hannuwana. Da muka iso yashin da ke kayar da mutane na runtse ido, sai na ji mun wuce a kansa kamar a kan tabarma. Wasu manoma suka ɗago daga kunyoyin gona, ɗayansu ya ɗaga murya ya ce, "Kai, wannan ai ƙafar raƙumi gare shi!" Sunan ya bi shi har Gaya.

Inna tana kwance ta ji sallamata. Ta ce, "Ke da wa? Ta ina kuka bi?" Maigidan ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, kansa a ƙasa. Ta sa aka ɗaga labule don ta ga abin da ya kawo mu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya kai ka inda ba ka zata ba."

Daminoni da yawa muka yi a kan hanyar nan. Wani lokaci mu tsaya a gindin tsamiya mu sha fura, ya riƙa nuna mini gonakin da ya yi wa masu su garma. A gida ba mai yawan magana ba ne, amma a kan babur bakinsa ba ya rufuwa, rabi in ji, rabi iska ta tafi da shi.

Inna ta rasu da kaka, ina gefenta. Bayan haka idanun maigidan suka fara hazo, likita ya ce ya bar walda, ya bar tuƙi. Ya bai wa wani mai sayen gyaɗa na Kademi babur ɗin, ya ce gara ya yi ta tafiya da ya tsaya ya ruɓe. Yanzu yawanci yana zaune a zaure da carbinsa, ɗanmu ne ke riƙe da rumfar.

Kwanan baya na ga babur ɗin a kasuwar Gaya, an jingine shi da buhuna a baya. Na tsaya na dafa wurin zaman, har mai shi ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya ƙalau. Da na dawo na gaya wa maigidan.

"Wane fenti ya yi masa?"

"Kore."

"Tayar baya fa?"

"Tana nan, ta ɗan suɗe."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Yanzu dawa ta rufe hanyar nan, ko?"

Na ce ta rufe. Na zauna kusa da shi a kan tabarma, ban shiga ɗora girki ba sai da aka kira la'asar.