Ƙwarin Rafin da Na Kulle a Kwalba

Jama'a, wallahi ni wannan abu ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarun baya ina aikin duba lafiyar ruwa, daga Dutse ake tura mu ƙauyuka. Aikin ba wuya, ka shiga rafi ka dama laka da ƙafa, ka tare ƙwarin da suka taso da raga, ka juye a farin faranti. In ka ga 'ya'yan mazari da dangoginsu, ruwa lafiya lau. In jajayen tsutsotsi ne zalla, to akwai matsala.

Da bazara muka je wani ƙauye bayan Taura, kududdufi ɗaya ya rage a rafinsu, shi mutane da shanu ke sha. Na dama, faranti ya cika da rai, ban taɓa ganin irinsa ba. Ina cikin zuba ƙwarin a kwalbar sinadarin da ke kashe su don mu kai ofis, sai wani dattijo mai garke ya ce, "Ɗana, ƙirga ka mayar. Nan ba a fita da su."

Ni kuwa lokacin kan boko na hayaƙi. Na ce, "Baba, ƙa'idar aiki ce," na toshe kwalba.

Bayan kwana tara aka aiko in zo. Na tarar da ruwa garau, amma na dama har sau shida, ko tsutsa babu. Shanu sun yi cirko-cirko a gaɓa, haƙarƙari a waje, kwana uku sun ƙi sha, har maraƙi biyu sun mutu. Mata kuma tsoro ya hana su ɗiba. Dattijon bai zage ni ba, kallona kawai ya yi, kuma wallahi da zagin ya fi mini sauƙi.

Na koma Dutse a guje na ɗauko kwalbar. Innalillahi! Ƙwarin nan iyo suke yi, kwana tara a cikin abin da ke kashe su nan take. Da na buɗe a bakin rafi, ba warin sinadari, ƙanshin laka kawai. Na juye su cikin kududdufin.

Babbar saniya ta matso, ta daɗe tana sunsuna, sannan ta kafa baki.

Har yau ban san me na ɗauko ran nan ba, kuma in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Don Allah, in kun je garin mutane aka ce kada ku taɓa abu, ku bari, ko takardarku ta ce me.