Kakana Mai Kwaɗo da Kujerar Hagu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 8 ga Yuli, 2025, Allah ya karɓi ran kakana, Malam Ja'afaru Mai Kwaɗo, a gidansa da ke Magajin Gari, Birnin Gwari, bayan gajeriyar jinya. An sallace shi bayan la'asar, ana yayyafi.

Kaka, ka san ni ba mai magana ba ce cikin mutane. Da mata suka cika gida ana gaisuwa, "amin" kawai na iya cewa. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Baƙo zai ɗauka kiwon kwaɗi kake yi. Kwaɗo mota ce, 'yar ƙarama, koriya, ƙirar Ingila, ta girmi mahaifina. Fitilunta biyu sun turo a saman bonet kamar idanun kwaɗo, yaran gari suka sa mata sunan, kai ma ya bi ka. Ka saye ta a hannun wani Baturen aikin hanya da zai koma ƙasarsu. Kujera biyu gare ta, rufinta tamfol ne, ƙofarta ba ta da abin buɗewa ta waje sai an zura hannu ciki. Idan ka ɗaga bonet, gaban ne duka yake tashi, injin ya bayyana ɗan mitsitsi. Ka sha gaya min ba ƙarfin inji gare ta ba, rashin nauyi ne, ga ta kusa da ƙasa, shi ya sa take shan kwana ba ta tangal-tangal. Kafireto biyu gare ta, kuma da kunne kake daidaita su: ka kara bakin tiyo a wannan, ka saurara, ka koma wancan, har numfashinsu ya zo ɗaya. Da na ce abin ya yi kama da labaran soyayyar da nake karantawa, ka yi dariya har da tari, ka ce, "Amaryata, wannan kanikanci ne, ajiye littafin ki miƙo min sifana."

Ban taɓa ganinta a hanyar Kaduna ba. Na taso dajin ya riga ya lalace, iyakarta tsakar gida. Amma na ji a gaisuwa cewa shekarun baya ka ɗauko mai naƙuda daga Kusasu a cikinta, mijin yana biye da ku a keke, ka ƙi karɓar ko goro. Duk safiyar Juma'a kakan tashe ta, ka bar injin ya yi zafi, matarka Inna Ma'u tana zaune a kujerar hagu tana tsintar shinkafa.

Sitiyarinta a dama yake, irin na da, kafin a sauya hannun tuƙi. Ranar da Inna ta tare, ka ce sai a Kwaɗo, ga shi babu wurin 'yan rakiya. Mutane suka hango amarya lulluɓe a hagu, inda suka saba ganin direba, labari ya bazu wai amarya ta tuƙo kanta gidan miji don zumuɗi. Har yau tsofaffin unguwa Direba suke ce mata. Ta ce ba ka taɓa ƙaryata zancen ba, idan an tambaye ka sai ka ce, "Ai ta iya kwana."

Bayan addu'ar uku, Kawu Mu'azu ya shigo da ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya duba motar. Ban ga laifinsa ba. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, tana cikin takaba, ya ce, "Inna, hanya babu, kayan gyara babu. Damina biyu tsatsa ta cinye ta."

Ta ce, "Idan an zo rabon gado, ku sa min ita cikin tumunina."

"Haba Inna, me za ki yi da mota? Ko tuƙi ba ki iya ba."

"Fita ka tambayi garin nan wa ya tuƙo ta zuwa gidan ubanka."

Kawu ya sunkuyar da kai, ya tashi ya sallami mutumin.

Wannan Juma'ar Inna ta fito da farantin shinkafarta, ta zura hannu ta buɗe ƙofar hagu, ta zauna. Ta daɗe tana duban ɗaya kujerar, sannan ta ce, "Sadiya, zo ki zauna nan, kada a ce ni kaɗai ce." Na zauna, na riƙe sitiyarin. Ba mu tashe ta ba, babu wanda ya iya tukuna. Kawu ya ce zai gwada mako mai zuwa.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya haskaka kabarinka, ya sa aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Ma'u, da mahaifina, da Kawu Mu'azu, da dangi na Kusasu da na Kaduna waɗanda hanya ta hana zuwa. Allah ya ba mu haƙuri, ya zaunar da dajinmu lafiya, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.