Watannin da Mai Karɓar Bashi Ya Goya Ni

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke watannin da mai karɓar bashi ya yi yana goya ni a kan kekena.

Lokacin mulkin soja ne, ina koyarwa a firamare can wajen Dandamisa, ina haya a Makarfi. Kaya sun yi tsada, albashi kuma ya koma hadarin bazara, a ga duhu ba a ga ruwa ba. Akwai wani Alhaji a bakin kasuwa mai ba ma'aikata rance, a biya da ruwa ranar albashi. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo a garinmu, kudancin Kaduna, na je na karɓa, na ce kekena ne jingina. Wata ya mutu, wani ya bi shi, albashi shiru.

Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da wani dattijo siriri a tsugune, hularsa ta sha jiki. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, kwana, gajiya, makaranta, har jikin mahaifiyata bai bari ba. Sannan ya ce, "Malam, Alhaji ne ya aiko ni. Ko kuɗi, ko keke."

A lokacin korar ma'aikata ake yi ba ji ba gani, kuma hedimasta ya riga ya ja mana kunne cewa duk mai makara sunansa zai tafi ofis. Na ce, "Baba, ka dubi Allah. In ka tafi da keken nan, aikina ka tafi da shi."

Ya ce, "Keke kam ya bar hannunka, umarni aka ba ni. Amma in an kore ka, wa zai biya Alhaji? Ɗauko littattafanka ka hau baya."

Haka muka fara. Kullum da sassafe zan ji ƙararrawar kekena a ƙofa, in fito in hau baya kamar buhun masara. Da farko kunya ta kusa kashe ni, don duk Makarfi an san sana'arsa, wanda ya gan mu ya gama karanta labarina. Ɗalibaina har cewa suke Malam ya yi direba.

Amma yanzu in na rufe ido, ba kunyar nake gani ba. Hanya nake gani ta ratsa gonakin rake, ganye yana shafar gwiwata, raɓa ta jiƙa mini wando. Can nesa doki yana zagaya injin matse rake, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila ya kwanta a kan fadama, ƙanshinsa yana bin mu. Baba yana taka keke a hankali, yana tasbihi ƙasa-ƙasa, ni kuma in jingina goshi a bayansa, tsakanin barci da ido biyu. Har mantawa nakan yi ana bi na bashi. Sai mun isa ya juyo ya ce, "Malam, ba labari dai?" in ce babu, ya ce Allah ya kawo.

Wata Lahadi na roƙe shi aron keken in je coci. Ya yi dariya ya ce, "A can ba a biyan albashi. Taka da ƙafarka, lada ya fi yawa."

Da aka biya mu, ruwan bashin ya cinye kusan komai, amma na fita daga bashin. Da yamma sai ga Baba ya turo keken, ya wanke shi, ya sa wa sarƙa mai. Na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, me ya sa ya wahalar da kansa haka.

Ya ce, "Masinja nake a da, a ofis. Ni ma na ci kuɗin Alhaji. Ranar da aka karɓi nawa keken, ba wanda ya goya ni. Da ƙafa na riƙa zuwa, ina makara, har aka sallame ni. Wannan aikin da ka ga ina yi, bashin nake biya."

Ya yi mini sallama ya kama hanya a ƙasa. Na bi shi na ce, "Baba, yau kai za ka hau baya." Na kai shi har ƙauyensu a hanyar Kudan. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma hakan ya sa ni hawaye ina tuƙi.

Tun daga nan ban sake cin albashin da bai zo ba. Na kuma koyi cewa ko an aike ka ka karɓe wa mutum abin hannunsa, kana iya barinsa da hanyar cin abinci.