Zaren Hular Kawu

Shekara arba'in Kawu ya yi yana ƙirar azurfa a ɗan shagon da ke bayan gidansa. Idonsa ya fara rauni, amma hannunsa bai san da wannan labari ba.

Ranar da 'yar ƙanwarsa, malamar makaranta, ta kawo masa munduwar mahaifiyarta mai rasuwa, ta ce a mayar da ita sarƙa biyu don 'ya'yanta mata, ya daɗe yana juya ta a tafin hannu. Ya ce azurfar za ta isa, amma da ƙyar. Matsalar farantin jan waya ce, wani ƙarfe mai jerin huji daga babba zuwa ƙarami, wanda ake zura azurfa a ja har ta sirance. Nasa ya tsage. Huji mai kaushi kuwa yana karce waya, a goge karcen, azurfa ta tafi a ƙura, yarinya ɗaya ta rasa.

Suka tafi layin masu kayan ƙarfe. Malama ta nuna wani sabo fil, mai arha, yana ƙyalli cikin leda. Kawu bai ce a'a ba. Sai ya cire hularsa, ya zaro zare ɗaya a bakinta, ya lasa, ya zura a huji, ya ja a hankali. Zaren ya fito a tsefe.

Mai shagon ya yi dariya, ya ce in tsoho ya ci gaba a haka, da kai tsirara zai koma gida.

"Kan nawa ne, ɗana," in ji Kawu. "Miƙo wancan mai tsatsar."

Tsohon faranti ne, a ƙasan kwali, kuɗinsa bai kai rabin na sabon ba. Huji ashirin da huɗu, kowanne sai da ya bi. Malama ta lura ma ido a rufe yake yi. Huji biyu ya ƙi. Sauran, zaren ya wuce sumul. Shi suka saya.

A shago ya narkar da munduwar, ya buge ta ta zama sanda, ya fiƙe bakin, ya shafa kakin kyandir. Ya zura a huji, ya kama da awartaki ya ja. Bayan kowane huji uku sai ya gasa ta a wuta don ta yi laushi. Da ya zo kan biyun nan, ya tsallake su, ya ja da dukan ƙarfin bayansa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Wayar ba ta tsinke ba.

Abin da ta saba gani a wuyan hannun uwarta ya yi ta tsawo, har ya kai bakin ƙofa ya naɗo, ba karce ko ɗaya.

Kawu ya auna da kamu, ya sake aunawa.

"Je ki gaya wa jikokina su daina faɗa. Ta isa biyu."