Sanyi Ne Babu, Ko Iska Ce Babu?

Makon da aka yi wa Innata aikin ido, da wahalar da kilim ɗin motata, wato na'urar sanyaya cikin mota, ta ba ni a cikinsa, abu ne da ba zai fita raina ba har in koma ga Allah. Shekaru sun ja, motar ma ta daɗe da barin hannuna, amma duk ranar da na shiga mota na ji sanyi ya bugi fuskata sai na yi murmushi ni kaɗai, kamar wanda ya tuna wautar ƙuruciya. Alhali lokacin ba yaro ba ne ni, da furfurata a gemu.

Ni ɗan kasuwar albasa ne a Malanville, gadon sana'ar na yi. Motata kuwa tsohuwa ce, irin waɗanda suka gama yi wa Turawa bauta kafin a sauke su a Kotonu. Da ita nake zagaya gonakin bakin kogi har Madécali in duba kaya tun suna ƙasa. Manomanmu suna da wata al'ada: ba ka barin gonar mutum hannu wofi, ko kun daidaita ko ba ku daidaita ba, sai ya ɗebo albasa cikin hannu biyu ya ce, "Ga na miya." Ni kuma sai in watsa ta a ƙasan kujerar gaba, wajen ƙafafun fasinja, ta yi kwanaki tana bushewa kafin in tuna in kai gida. Haka na yi ta yi shekara da shekaru.

Inna kuwa cutar yana ce ta rufe mata ido biyu. Abin har ya kai jikokinta da murya take gane su, in aka kawo mata jariri sai ta shafa fuskarsa da tafin hannu. Da ƙyar muka samu rana a wani asibitin ido a Parakou. Likitan ya ja mini kunne: in an yi aikin, a hanyar komowa kada ƙura ko iskar hanya ta taɓa idon, gilasan mota su kasance a rufe ruf. Wannan kuwa cikin Afrilu ne, lokacin da ko jaki yake neman inuwa a garinmu, ga ta da hawan jini. Awa biyar cikin rufaffiyar mota ba kilim, ai kashe ta zan yi. In kuma ranar ta wuce mu, sai bayan damina.

To kilim ɗin ta daɗe tana raki. In na murɗa ta har ƙarshe sai ta yi ta gurnani, amma abin da ke fitowa bai kai hucin jariri ba. Ni kuma ga ni da sanin komai. Na je wurin wani mai zuba gaz, wato iskar da ake ɗura wa kilim, ko bari ya duba ban yi ba, na ce, "Ba ta sanyi, ƙara mata gaz." Ya ƙara. Kwana biyu ban ga canji ba na koma na ce rowa ya yi mini, ya sake ƙarawa. Bawan Allah abin da na ce ya yi shi ya yi, ba ni da bakin zarginsa.

Saura kwana uku tafiya na ce bari in gwada da Inna a ciki, mu je Guéné mu dawo da rana tsaka. Ko rabin hanya ba mu yi ba na ga gumi yana bin wuyanta, ta cire mayafi tana fifita da shi, numfashinta ya fara sama-sama. Ga wani ruwa yana ɗiga mata a ƙafa daga ƙarƙashin gaban motar. Can ta ce, "Motar ga warin albasa takai, har maƙoshina."

Raina a ɓace yake, na ce, "Inna, ana maganar kilim kina maganar albasa. Ni ban ji komai ba."

Sai ta ce, "Babanka in an yi mai magana saurare yakai. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba."

Na sauke gilasai na juya mota. Da muka iso ƙofar gida, ina riƙe da hannunta tana laluben dokin ƙofa, ta ce a hankali, "Ɗana, mu hwasa tahiyar ga. Na ga duniya iyakar gani, ka bar wahal da kanka." Wallahi maganar nan ta fi zagi zafi. Na san ƙarya take yi don ta sauƙaƙa mini, domin sau nawa ina jin ta tana tambayar matata wai autarmu da wa take kama. Tsoro ya kama ni sosai, na ga taurin kaina zai sa tsohuwar nan ta ƙare kwanakinta cikin duhu.

Washegari wani maƙwabcina a kasuwa ya kwatanta mini garejin wani dattijo Badande, a bayan tashar manyan motoci, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Na same shi zaune kan tsohuwar taya yana wanke wani ƙarfe da fetur. Muka gaisa da Dandanci, sannan ya juya Hausa don ya ga bakina ya fi sakewa a nan. Na fara karanta masa karatuna: "Baba, kilim ce ba ta sanyi. Gaz za ka..."

Ya ɗaga hannu. "Alhaji, tsaya. Sanyi ne babu, ko iska ce babu?"

Na ce, "Ai duk ɗaya ne."

Ya ce, "In ɗaya ne, mi ya sa randa ke da sanyi ba ta da iska, mahuci ke da iska ba shi da sanyi?"

Ya sa na tada mota na kunna kilim har ƙarshe, ya buɗe gaban motar ya kama hannuna ya ɗora kan wani bututu mai kauri. Na janye da sauri, sanyi ƙarara, har raɓa yake yi. Ya ce, "Ka ji? Motarka tana dafa sanyinta lahiya lau. Mai kai maka shi ne ya kasa." Daga nan ya ce in kasa kunne. Wani abu a jikin injin yana yin ƙas, ya kama, ƙas, ya saki, ba hutawa. Ya ce wannan ita ce uwar kilim, na ɗura mata gaz ya wuce cikinta, shi ya sa take kamawa tana saki, da na ƙara na uku da ta fashe mini a hanya. Ya kawo agogon awonsa ya jona, ya rage abin da ya yi yawa har allurar ta zauna inda yake so. Ya kuma sa aka watsa ruwa aka wanke ragar da ke gaban injin, laka ja ta yi ta zuba.

Sai ya zagayo ya buɗe ƙofar fasinja ya sa kai. Bai ko zauna ba ya ɗago yana murza hanci. "Alhaji, albasa kake saidawa?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Motarka."

Ya durƙusa, tsofai-tsofai da shi, ya kwance akwatin nan na gaban fasinja da ake ajiye takardu, ya zaro fankar da ke bayansa, ya zura hannu har gwiwar hannu. Abin da ya fara jawowa na ɗauka sheƙar ɓera ce. Ashe ɓawon albasa ne, ja da fari, ya haɗu da ƙura da danshi ya zama kamar dafaffen ganye, ya manne a jikin ƙarfen da ke yin sanyin ya toshe shi ɗam. Ya yi ta jawowa yana tarawa a tsohon kwano har kwanon ya cika ya yi tozo. Ya nuna mini ramin da fankar ke zuƙar iska, daidai saman inda nake watsa albasar miya. Duk ɓawon da ya bushe ya tashi, can yake tafiya. Ɗan bututun da ke zubar da ruwa waje shi ma ya toshe, ya zura masa waya, ruwa baƙi ya tsiyaye ƙasa. Ruwan da ya jiƙa wa Inna ƙafa ke nan.

Na tsaya ina kallon kwanon nan, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba, ni fa ban taɓa jin warin ba."

Ya yi dariya har da tari. "Ina za ka ji? Kai da albasa kun zama ɗaya. Ba wanda ya taɓa hwaɗa maka?"

Na ce, "Mahaifiyata ta faɗa jiya."

"Ka ce mata mi?"

Na sunkuyar da kai. Ya wanke ƙarfen da buroshi da ruwan sabulu, ya mayar da komai mazauninsa, ya ce in kunna. Iskar da ta fito sai da ta ɗaga takardun da ke kan kujera, ga sanyi har cikin haƙori. Na zauna a ciki na rufe ƙofa, ina ta dariya ni kaɗai kamar sabon mahaukaci, dattijon yana waje yana goge hannu da tsumma.

Da na koma gida ɗakin Inna na zarce, na durƙusa na ce ta yafe mini, hancinta ya fi idona gani. Ta ce in tashi in bar mata shirme, ta shafa kaina, ta tambaya ko an wanke mata zanenta na tafiya.

Aka yi aikin lafiya. Ranar komowa na kwantar mata da kujera, idonta a naɗe da bandeji, gilasai a rufe. Manyan motoci suna wuce mu suna tada ƙura, rana tana dukan kwalta, mu kuwa muna ciki kamar a gindin randa. Kafin mu kai Kandi ta ce in rage abin nan, ta ja mayafi ta rufa, ta yi barcinta har da ɗan minshari. Ban taɓa jin daɗin tuƙi kamar na ranar ba. Ko rediyo ban kunna ba, numfashinta kawai nake saurare.

Bayan 'yan kwanaki aka buɗe idon. Ta zauna a tsakar gida jikoki suka jeru, tana kiran sunan kowa tana kallonsa, ta riƙe fuskar autarmu ta daɗe ba ta saki ba. Matata tana kuka, ni ma ban tsira ba. Da yamma na riƙo ta muka fito ƙofar gida, ta ga motar a tsaye, fenti ya koɗe, ƙofa ɗaya launinta daban. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wagga akwala ce ta kai ni Parakou? Ni da na ji sanyin nan na ɗauka motar gwamna ka aro." Muka yi ta dariya har maƙwabta suka leƙo.

Abin da na koya a makon nan bai tsaya ga mota ba. Na gane cewa kafin mutum ya nemi magani, ya fara sanin sunan ciwonsa, kuma ya bar wanda ya sani ya yi masa tambaya. Na kuma gane cewa abin da ka saba da shi ba ka jin warinsa, sai na kusa da kai ya faɗa maka, kuma sau da yawa shi ne wanda kake ganin bai san komai a kan lamarin ba. Saura ƙiris in hana mahaifiyata ganin jikokinta saboda na ƙi sauraron magana ɗaya daga bakinta. Ta yi shekara shida tana gani da idonta kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma a cikin shekarun nan ban sake katse ta tana magana ba.