Sunan Ɗiyar Ƙanena

Mutanen unguwarmu sun ci amanar ƙanena, kuma ban yafe ba. Sai da na yi jikoki na koyi rubutu, kuma tun ran da na iya riƙon alƙalami nike son in rubuta wannan.

Zamanin soja ne, lokacin da ake ce ma kowa kamarad. Ƙanena ɗan dako ne a kasuwar Malanville, shina ɗora buhunan albasa bisa manyan motoci. Ƙyanda ta kashe ɗiyarshi ta fari tana shekara shida. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, in ya rasu kuma ba ya kuka. Matarshi an kai ta gidansu Garou, ta samu mata sunka yi kuka da ita. Shi ko ya zauna bisa tabarmar makoki kwana bakwai ido busasshe, ana yabonshi. Anka naɗe tabarma, kowa ya kama gabanshi.

Ba a jima ba ya fara shan sodabi, giyar nan ta mutanen kudu, a bayan tasha. In ya sha sai bakinshi ya buɗe, ya riƙa kiran sunan yarinyar, shina faɗin yadda take ɓoye mishi ƙanzo cikin takalmi. 'Yan dako sunka gane haka. Su masu salla ne, ba su sha, amma su ke saya mishi don su ji. Na same su da rana tsaka sun kewaye shi, wani na cewa, "Kamarad, wa kake kira? Sake faɗi, ba mu ji ba." Maƙwabcinmu da ya fi kowa daɗewa a makoki na cikinsu, haƙora waje.

Na tai wurin liman, yac ce a yi haƙuri. Na tai wurin delege, mai unguwar da gwamnati ta naɗa, yac ce mu kai shi ƙauye a sa shi turu, ko ya kira jandarma. Ƙanwar uwarmu kuwa cewa ta yi, "Ba shan ya dame ni ba, ɗiyata. Sunan nan da yake kira cikin kasuwa, shi ya kunyata mu."

Na ce, "Inna, to ina zai kai shi? Ya haɗiye?"

Wata tsohuwa 'yar Dendi da ke kawo mana kifin banda tana tsugune tana jinmu. Da Inna ta shige ɗaki tac ce, "Mijina ya binne ɗiya uku. Shi da wasu maza na zama gyaran taru bakin kogi da hantsi. Can ana kiran suna, ba mai dariya. Kawo shi tun bai sa komai a baki ba."

Washegari tun motoci ba su fara lodi ba na tsaya ƙofar ɗakinshi. Yac ce, "Yaya, ƙyale ni." Na kama wuyan rigarshi, munka gangara bakin kogi.